Kar ki cire kwamfuta daga sola

Lauratu,

Na tafi Gafasa da mashin. Ungozomarsu ta kira ni, manhajar kiran motar asibiti da na haɗa musu ta ƙi buɗewa, ga mace tana naƙuda.

Laifina ne. Wajen saita kwamfaila, wato abin da ke haɗa manhajar a kwamfuta, na zaɓi tsarin sababbin wayoyi, na gwada a tawa kaɗai, alhali nasu tsofaffi ne. Na gyara saitin, kwamfuta tana sake haɗa komai, sai ta yi awa uku.

Don Allah kar ki cire ta daga sola, ko Inna ce ta aiko a saka mata waya a caji.

Ungozoma goma sha ɗaya na saka wa manhajar nan, ɗaya ce kawai ta kira. Wataƙila sauran goman ba su ma san ba ta buɗewa ba.

Mu'az