Karyayyun Jatan Lande

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, har ma ta so ta yi yawa.

Ina nan gidan abincin, awa tara a gaban kasko ina soya jatan lande. A tsoma shi a ƙwai, a mulmula shi cikin garin burodi da kwakwa, a jefa a mai. Dokar maigidanmu, wanda ya karye ba a kai wa baƙo, na mai suya ne. Yaya, kwana biyun nan suna yawan karyewa a hannuna.

Jiya abokiyar aikina ta nuna min takarda, wai guda shida da miyar dangwalawa kalori wajen ɗari biyar ne. Na ce ai jatan lande gina jiki yake. Ta ce, "Shi kam haka ne. Amma rigarsa mai ce zalla, miyar kuma sukari." Na ce karyayyu ba sa cikin lissafi. Ta dubi cikina.

A tsaye nake ci, ni kaɗai, shi ya sa ba na ƙoshi.

Don Allah ki tare tela kafin ya yanka yadin nan, ki ce ya ƙara min taƙi guda a faɗi. Inna kuma ta daina kukan na rame. Allah ya haɗa fuskokinmu, in kun gane tawa.

Ƙaninki da kuke kira Tsinke