Robar da Ke Cikina da Wahalar Hanyar Zariya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin Yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, manomin rake daga wajen Gubuchi. Tun da ciwon maƙogwaro ya hana ni haɗiya, likitoci a Zariya suka huda mini ciki suka sa roba, ta nan nake ci nake sha. Alhamdu lillahi, har ƙiba na yi. Ina zuwa gona, ina bin jam'i. Matata Hajara ke dama kunun gyaɗa ta tace, ta ɗura mini da sirinji, ni kuwa in yaba daɗinsa ko da harshena bai gani ba. Abokai a majalisa suna mini tsiya wai na huta da tauna. Kukana uku ne kawai.

Na ɗaya, toshewa. Ranar da garin magani ya toshe robar muka zo asibitinku, wata ma'aikaciya ta leƙa daga nesa ta ce sai Zariya. A can da ruwan ɗumi kawai aka buɗe ta. Na wuni da yunwa a mota saboda ruwan ɗumi!

Na biyu, bakin ramin da robar ke shiga. Yakan yi ja, wani lokaci ya yi tsiro yana tsattsafo da ruwa. Babu wanda ya taɓa gaya mana wanne za mu wanke a gida, wanne za mu garzayo da shi.

Na uku ne mai ban tsoro. A daminar bara ina cikin gona robar ta maƙale a kara, ta fito ɗungurungum. An daɗe da gargaɗinmu cewa ramin ba ya jimawa yake rufewa. Muka zo asibitinku, babu wata roba a ajiye. Muka kama hanyar Zariya ana ruwa, Hajara na danne da cikina da tsumma tana kuka, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba. Da ƙyar muka isa kafin ramin ya rufe.

Ban zargi ma'aikatanka ba, koya musu ne ba a yi ba. Roƙona a tura ko mutum ɗaya ya koyo aikin, a ajiye roba ko biyu, a kuma zauna da masu jinyarmu a nuna musu. Ba ni kaɗai ba ne, akwai wata tsohuwa a Dandamisa mai irin tawa.

Idan kuma ana neman wanda za a koya a jikinsa, a aiko kawai. Zan zo da kaina in ɗage riga.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku mai rake