Lamba Ɗaya Ta Canja, Mace Ta Tara Ta Ɓace Mini

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar awon ciki da muke aiki da ita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Baure, masarautar Daura. Tsoro ne ya sa na rubuto, ba rashin kunya ba.

Na farko. Ranar da aka tara mu horo a Daura, ma'aikacinku ya rubuta lambar sabuntawar manhajar, 3.4.1, a allo. Ya ce idan lambar farko ta canja, gini aka rushe aka sake, mu jira umarni. Ta tsakiya ƙarin ɗaki ce. Ta ƙarshe kuwa yaɓe ne kawai, mu danna ba fargaba. Ya kuma ce mu daina rubuta katin awo na takarda, wayar ta ishe mu. Muka yarda, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu. Talatar da ta wuce 3.4.2 ta zo, na danna. Da na buɗe, jan shafin masu ciki masu hawan jini ko sama ko ƙasa. Na kira ofishinku, aka ce ai ƙaramin gyara ne, bai kamata ya taɓa komai ba. To, ya taɓa.

Na uku, shi ke hana ni cin abinci. Mata tara ne a shafin, wannan na tabbata, kullum ina ganin adadin. Na tuno takwas, na hau babur na bi su gida-gida har rugagen bakin iyaka. Ta tara ta ƙi faɗo mini. A nan mace ba ta dawowa awo sai an aika, balle mai cikin fari da kunya ke hana ta faɗin ko ciwon kai. Na sha ganin abin da jijjiga ke yi wa mai ciki. Yanzu ko mota ce ta tsaya a ƙofar asibiti, sai gabana ya faɗi.

Yau kuma ga 3.4.3 ta iso. Tsoron dannawa nake, tsoron bari nake.

Roƙona, ku dawo da shafin. Ku riƙa rubuta mana da Hausa abin da kowace sabuntawa za ta taɓa, lambar kuma ta faɗi gaskiya. Idan wannan zai ɗau lokaci, ku buɗe ma'ajiyarku yau ku turo mini suna ɗaya, in je mata da ƙafata kafin a kawo mini ita a kwance.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare iyalinka, ya sauke ta lafiya duk inda take.

Wassalam.