Ƙwayar Ciyawar Da Iska Ta Daina Ɗauka

Malam, a taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni. Ni ke shiƙar shinkafar gidanmu. Yayan mijina ke riƙe da gonar gado, shi ke feshi, kullum maganin ciyawa iri ɗaya, kuma yana ƙara masa ruwa don ya wadaci gonar. Da aka fara feshin, 'ya'yan ciyawar da ke biyo shinkafa a motse suke zuwa, ba nauyi, ina ɗaga faifai iska ta kwashe su. Bara na ga wasu sun ƙi tashi. Bana kuwa cikakku ne, baƙaƙe, masu nauyi, tare da shinkafa suke faɗowa. Na tsince har idona ya yi ja, ban ga ƙarshensu ba. Ƙaiƙayin ma awaki muke ba, takinsu ya koma gona. Ga shi Yaya ya ware wannan shinkafar a matsayin irin da zai raba wa ƙannensa duka. Na yi wa maigidana zancen, ya yi dariya, wai faifai ya fara ba ni digiri. Yaya mutumin kirki ne, shi ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, ina jin nauyinsa. In yi shiru?

Mai Faifai

'Yar'uwa, kada ki yi shiru. Magani yakan raunana ƙwayar ciyawa, amma in an tsinka shi, mai taurin kai ce ke tsira ta zuba 'ya'ya, su kuma su gaji taurin. Wataƙila abin da hannunki ya ji ke nan. Sai dai nauyi kaɗai ba hujja ba ne. Damina mai kyau ma tana cika ƙwaya. Yaya kuma ba mugunta ya yi ba, tattali ya yi.

Ki shuka ƙwayoyin a tsohon kwano, ki riƙa ba su ruwa. In sun tsiro da yawa, ki ajiye kwanon gaban maigidanki, shi ya kai wa yayansa, su nemi malamin gona. A dakatar da rabon irin, a daina kai wannan takin gona don ƙwayar na iya biyo shi, a canza magani, a bi ma'auninsa, a tuge duk ciyawar da ta tsira kafin ta yi kai.

Ki hanzarta. Yau gona ɗaya ce ke da wannan ciyawar. Ranar da aka kwance bakin buhunan irin nan, ta shiga gonar kowa. Allah ya tsare muku rumbunku, ya bar zumunci.