Jinin Mutanen Kelle da Na Binne da Hannuna

Zuwa ga Mai Girma Daraktan aikin binciken cutar sanƙarau, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Abba Kyari, ma'aikacin jinya a Gure, wanda ya yi muku tafinta da Barbarci shekarar da sanƙarau ya sauko mana. Ƙila ka manta ni. Ni ne dogon nan mai riƙe maras lafiya ya lanƙwasa baya, ku kuna soka allura.

Ranar Talata na ji muryarka a rediyo. Ka ce an ba ku kuɗin sayen sabuwar na'ura daga Turai, wadda za ta nuna yadda ƙwayar cuta ke manne wa abin da ke cikin jinin mutum. Ka ce za ku dawo yankinmu ɗibar sabon jini, domin na da ya lalace. Ina taya ka murna. Ga abin da ba ka faɗa ba.

Na ɗaya. Jinin nan da ruwan ƙashin baya ba da kansu suka lalace ba. Kun bar su a firijin asibitinmu mai aiki da kananzir, kuka ce mota na zuwa nan da sati biyu. Kananzir ya ƙare. Sau uku na rubuto muku, ko amsa babu. Na riƙa juye na fitilar gidana a ciki, ga tsada tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, har abin ya fi ƙarfina. Ni na haƙa rami bayan asibiti na binne kwalaben, kowace da sunan mai ita a jiki.

Na biyu. Mutane ba don ku suka yarda ba, don ni ne. Akwai Falmata, mai lambun albasa a wani kwari kusa da Kelle. Ta ƙi a sake soka wa mijinta Bukar allura, don an riga an ɗebi ruwan bayansa na asibiti, na biyun naku ne. Ni na rantse mata cewa da shi za a gano abin da zai kare 'ya'yanta. Bukar ya rasu kwana uku bayan nan. Shekara guda tana zuwa a kan jaki ran kasuwa tana tambayar sakamako, ina ce mata takarda na hanya. Ranar da na gaya mata gaskiya ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce in nuna mata ramin. Ta tsaya a kansa ta yi fatiha, ta tafi. Tun ranar ba ta ƙara yarda allura ta taɓa ɗanta ko ɗaya ba. Bara ƙyanda ta ɗauke mata autarta, cutar da rigakafi ɗaya ke tsarewa.

Na uku. Na'urarmu ta duba ƙwayoyin cuta madubinta ya tsage. Ka gan ta, ka ɗaga ta kana dariya, ka ce kakanka ma ya yi aiki da irinta. Har yau da ita muke dubawa.

Roƙona biyu ne. Kafin ku taɓa jikin kowa, ka zo Kelle da kanka, ka tsaya gaban Falmata ka gaya mata abin da ya hana motar zuwa. Wannan zan fassara maka, ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Sannan cikin kuɗin nan a cire na madubi ɗaya da gangar kananzir. In ba haka ba, ku nemi wani tafinta.

Allah ya sa na'urar ta iso lafiya, ta amfani talakawa. Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka girma. Ranar da ciwo ya kwantar da kai kuma, Allah ya haɗa ka da likita irinka.

Wassalam.

Abba Kyari, Gure.