Igiyar da Dogo Ya Auna Ni da Ita

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna?

Kafaɗar nan dai ta ƙi. Ka tuna shekarun baya da nake ce maka babban yatsana yana tsami in na daɗe riƙe da almakashi? Daga nan ciwon ya hau wuyan hannu, ya yada zango a gwiwar hannu, yanzu ya tare a kafaɗa da wuya. A da hutun yini yana korar shi. Yanzu ko riga sai matata ta taya ni sawa, man zafi kuwa ya zama turarena.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Dogo, abokin sana'ata. Tare muka buɗe shagon askin nan, kujerunmu biyu iri ɗaya, aikinmu ɗaya, amma shi ko ciwon kai ba ya yi. Duk wanda na kasa ƙarasa wa aski, kujerarsa yake komawa. Ban ce komai ba tukuna, amma ruwa ba ya tsami banza.

Ƙaninka,
Gajere

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarka. Ka ce zato zunubi ne. To, wannan da idona na gani.

Shekaranjiya na tarar da Dogo tsugune a gindin kujerata da igiya a hannu. Yana ganina ya miƙe yana kame-kame. Jiya kuma ina tsakiyar aski na hango shi a madubi, ya lallaɓo bayana ya auna ni daga diddige zuwa kafaɗa, ya ƙulla igiyar ya cusa aljihu. Wa ake aunawa a ɓoye in ba wanda za a yi wa asiri ba?

A gaban mutane na faɗa masa abin da ke raina, ban rage komai ba. Sai ya tattara kayan askinsa ya fita. Wannan fitar tasa ma ba ta kwanta min ba.

Ƙaninka,
Gajere

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na je asibiti kamar yadda ka matsa. Likita ta sa na gwada mata tsayuwata wajen aiki. Ta ce shekarun da na kwashe hannu a ɗage ne suka tara ciwon kaɗan-kaɗan, kuma kada in sa ran zai tafi da wuri.

Da na dawo na tarar da kafinta a ƙofar shago da wani ɗan dandamali na katako. Ya ce Dogo ne ya sa shi, har ya nuna min igiyar da ƙullinta. Ashe tun farko da tsawon Dogo aka yi kujerun nan. Dogo ya ɓoye min ne don ya san halina: duk wanda ya taɓa zancen gajartata, mun ɓata.

Na hau katakon, gwiwar hannuna ta sauko inda ya kamata ta kasance tun ranar da muka buɗe shago. Kunya ta kama ni, Yaya, har na kasa kallon kujerarsa.

Ba ya ɗaukar wayata. Kai yana jin nauyinka, don Allah ka je masa. Ka ce awon ya yi daidai.

Ƙaninka,
Gajere