SSD Ɗin da Yaya Ya Miƙo Mini

Yaya,

Wane SSD ka miƙo mini na gwada ranar da sabon kaya ya iso? Daga cikin kwalin ka zaro shi, ko daga wani wuri?

Yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa fita. Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Na kira ka har wayata ta yi zafi ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba direban da ke kai maka kaya sito wannan takarda.

Jiya Mai Kyamara ta zo shago. Ka san ta, matar nan mai ɗaukar bidiyon taro, wadda ta sayi babban SSD mai tera ɗaya na adana aikinta saboda ta ga bidiyona. Ko sallama ba ta yi ba. Ta dire shi a kan kantar shago, ta kunna wayarta, sai ga muryata ta cika shago ina cewa duk wanda ya sayi wannan ya huta, ni na gwada da hannuna. Da ya ƙare ta sake kunnawa. Mai gyaran firinta ya leƙo, mai caji ya leƙo, har masu wucewa suka tsaya. Ta ce tunda ni ne Farfesan layin nan, in faɗa wa jama'a inda bikin yaye ɗaliban da ta ɗauka ya shiga.

Tana juye aikin ne daga katin kyamara zuwa cikinsa. Da farko ya tashi a guje, bai yi nisa ba ya koma rarrafe, ya ɗau zafi har ba a iya taɓa shi. Da ƙyar ya nuna ya gama. Ita kuma wani aikin na jiranta, ta goge katin ta sake ɗauka a kai. Washegari rabin fayilolin suka ƙi buɗuwa. Iyayen yara na kiranta, ita kuma ta zo kaina.

Ka san wannan karatun, ni na yi maka shi kana shan shayi kana gyaɗa kai. Kowane SSD yana da ɗan zaure mai sauri da ke fara karɓar kaya. Sai zauren ya cika ainihin ƙwayoyin ajiyar suke nuna halinsu. Shi ya sa ba na yin gwajin kasuwa na ƙiftawar ido. Ɗura masa kaya nake yi har wuya, in ga yadda yake numfashi. Wanda ka ba ni ko tari bai yi ba.

Na ɓare sitikar da ke kan nata SSD ɗin. Ƙwayoyin da ke ƙasa ba su ne na karanta takardunsu ba. Ƙaramar ƙwayar da ke riƙe masa taswirar inda kaya suke ma babu ita, gurbinta wayam. Na zaro wasu daga kwalin da hannuna, duk haka suke.

Ina so in yarda masu turo maka kaya ne suka cuce mu tare. Ka ce mini haka ne.

Ka gaida Anti.

Ƙaninka,
Auta


Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Ina fatan kin tashi lafiya, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki riƙa shan maganin, kar ki bari sai ta matsa miki.

Saƙonki ya iso ta bakin Anti: in rufe bakina, kar in tona asirin gida. Na rubuto ne don na san in na zo gabanki ba zan iya gama magana ba, za ki kira ni Auta sau biyu in yi shiru.

Mama, abin da muke sayarwa ɗan siririn abu ne kamar yatsa, shi ke riƙe duk abin da mutum ya adana a kwamfuta. Ba a gane mai kyau da ido. Shi ya sa mutane ke jira in gwada, in yi bidiyo, sannan su saya. Ban da wannan ba ni da komai. Ba ni da takardar makaranta. Turancin da nake karanta takardun kamfanoni da shi, da ƙamus na tsince shi kalma-kalma a bayan kantar shago, ana yi mini dariya ana kirana Farfesa, har sunan ya daina zama tsokana.

Tun da na fara, Yaya ne ke buɗe kwali ya miƙo mini na gwaji. Ban taɓa sa hannu na zaɓa ba. Ke kika koya mini kar in riga shi taɓa abu. Ni ina ganin ladabi nake yi.

Bai amsa takardata ba. Sai ya aiko direba da wani a leda, a manne, sabo fil, wai in gwada in yi sabon bidiyo hankalin mutane ya kwanta. Wallahi na yi murna, na ce ashe yana tare da ni. Na yage ledar. Mama, kin tuna sukudirebar Baba mai jan hannu, wadda bakinta ya ɗan gutsure? Da ita nake ɗaure su a cikin kwamfuta in gwada. Duk wanda na ɗaure sai ta bar masa ɗan tabo kusa da ramin kusa, kamar jinjirin wata. Sabon nan da ban taɓa gani ba yana ɗauke da tabona. Ba tabo ɗaya ba, da yawa ne a kan juna.

Guda ɗaya ne, Mama. Mai kyau guda ɗaya ya ajiye a aljihun teburinsa. Duk sanda kaya ya zo sai ya sa shi a sabuwar leda, ya manne da injin nan da ya ce na kwalin waya ne, ya miƙo mini yana murmushi. Ni kuma in tsaya gaban kyamara in rantse. Abu ɗaya na yi ta yabo kamar sakarai, mutane na kwasar wani daban.

Anti ta ce ya ce kasuwa ce, kowa haka yake yi, kuma wa ke cika SSD a zama ɗaya? Mai Kyamara ke cikawa. Irinta ne ma suke jin maganata.

Na san shi ya ɗauke ni lokacin da na bar makaranta ina yawon banza. Shi ya saya mini ƙamus ɗin. Wannan ne ma ke hana ni cin abinci. Da baƙo ne ya yi mini, da na zage shi na huta.

Kin ce kar in tona asirin gida. To ni ba ɗan gidan ba ne? Nawa asirin yana kan titi, ana kunna shi a waya ana dariya, ba wanda ya aiko a rufe.

Ki yafe mini in na yi kaushi. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Auta


Yaya,

Ina gaishe ka. Ina fatan kuna lafiya. Ka ce wa yara kawunsu na gaishe su, ba da su nake ba.

Makullin shago na cikin ambulan ɗin nan.

Na sauke bidiyoyin nan gaba ɗaya, na sa sabo. Na riƙe SSD biyu masu sitika iri ɗaya, na ɓare su, na ɗura musu kaya kowa na gani, ɗaya na gudu ɗaya na jan ciki. Na ce duk wanda ya saya saboda bakina ya kwashe kayansa daga ciki tun kafin ya yi kuka. Na sha zagi, kuma na cancanta. Wani ya ce a canza mini suna daga Farfesa zuwa Dillali. Mai gyaran firinta, wanda nake ba shi aron kayan aiki, yanzu in na wuce sai ya duƙar da kai cikin injinsa. Aikin Mai Kyamara kuwa na yi iya yina, abin da ya tafi ya tafi. Yara da yawa ba za su taɓa ganin kansu suna karɓar takarda ba.

Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a ƙarƙashin bidiyon: in da gaske ban sani ba, wa ya yi? Ban faɗa ba. Na rubuta sunanka na goge, saboda Mama. Amma muddin ban faɗa ba, ni ne ɓarawon. Ka san haka, kuma ka yi shiru kana jira ƙura ta lafa a kaina.

Ba na son sasanci a ɗakin Mama, a rufe ƙofa, ka dafa kafaɗata ka ce yaro ne bai san kasuwa ba. A bainar jama'a aka kunna muryata, a nan nake so a ji taka.

Ranar Asabar da hantsi zan sa tebur a ƙofar shago. Waɗanda suka saya za su zo da nasu. Mai Kyamara ta yarda za ta ɗauka, ba don ta yafe mini ba, ta ce so take ta ga fuskar mutumin. Zan ajiye kujera ɗaya kusa da ni. Ba zan kira suna ba. In ba ka zo ba, kyamara za ta yi ta kallon kujerar, kuma duk layin nan sun san mutum biyu ne kawai a shagonmu.

Ka zo, Yaya. Ka zauna, ka dubi mutanen nan, ka faɗa musu da bakinka ko ƙaninka ya sani ko bai sani ba.

Har yanzu ƙaninka,
Auta